Jirgin Ƙasan Haramain Daga Filin Jirgin Jidda: Inda Ya Yi Rana Da Inda Tasi Ta Fi Shi

Wanda ya sauka a Taminal 1 ta filin jirgin saman Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, ya gama da jami'an shige da fice, ya jawo akwatinsa ya fito, abin da zai fara cin karo da shi a zauren masu isowa shi ne wani ƙaton tankin gilashi cike da kifaye, tsayinsa mita 14. Daga nan hanya take rabuwa biyu. Ko dai mutum ya nufi ƙofar waje inda tasi da motocin safa suke, inda kuma ba a rasa wani da zai matso yana raɗa masa "Makka, Makka, ya Hajj", ko kuwa ya bi allunan da ke da hoton jirgin ƙasa, ya ci gaba da jan kayansa cikin sanyin na'ura har tashar jirgin Haramain, wadda aka gina manne da taminal ɗin. Ba tsallaka titi, ba shiga rana.

Wannan tasha da jirgin da ke tashi daga cikinta su muka ɗora a sikeli. Idan Madina aka nufa, babu abin hawan da ya kama ƙafarsa. Idan kuwa Makka ce, sai an zauna an yi lissafi, domin amsar ta danganta da taminal ɗin da aka sauka, da ƙarfe nawa aka sauka, da mutum nawa ne a tafiyar, sannan uwa uba da yawan kaya.

Layin dogon yana da tsawon kilomita kusan 450, da tashoshi biyar: Makka, Sulaimaniyya a cikin garin Jidda, filin jirgin sama, Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah kusa da Rabig, sai Madina. Sarki Salman ya ƙaddamar da shi a watan Satumban 2018, ya fara ɗaukar fasinja ranar 11 ga Oktoba na shekarar. Tashar filin jirgi ba ta fara aiki ba sai Disamban 2019, 'yan watanni bayan gobarar da ta cinye rufin tashar Sulaimaniyya ranar 29 ga Satumba ta tsayar da zirga-zirga. Bai jima da dawowa ba annobar korona ta sake tsayar da shi a Maris ɗin 2020, sai ƙarshen Maris ɗin 2021 ya koma aiki. Jiragen fasinja 35 ne, ƙirar kamfanin Talgo na Sifaniya, kowanne da tarago 13 da kujeru 417: 113 na manya, 304 na gama-gari. Gudunsu yana kai kilomita 300 a awa. Idan mutane suka yi yawa akan haɗa jirgi biyu su tafi a matsayin ɗaya, kujeru su zama 834.

Lissafin rage cunkoso yana cikin waɗannan alƙaluma. Filin jirgin Jidda ya karɓi fasinja sama da miliyan 49 a 2024, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu ba Jidda suka zo ba, wucewa za su yi Makka mai nisan kilomita kusan 100, ko Madina mai nisan sama da 400. Kafin jirgin ƙasa duk wannan jama'a a kan kwalta take: a fito daga filin jirgi, a hau titin Haramain da ya kewaye Jidda ta gabas, a bi babbar hanyar Makka, a ratsa shingen binciken Shumaisi. Jirgi ɗaya idan ya cika ya ɗauke wa titi motar safa takwas da rabi masu kujeru 49, ko tasi sama da ɗari masu mutum huɗu-huɗu. A watan Ramadan ana ƙara sawu har kujerun da ake tanada su haura miliyan ɗaya a cikin watan. An tsara layin ne don ya iya ɗaukar mutum miliyan 60 a shekara. Har yanzu bai je ko kusa ba, kuma dalilan da suka sa bai je ba su ne ainihin abubuwan da matafiyi ya kamata ya sani kafin ya yanki tikiti.

Na farko, taminal. Tashar jirgin ƙasa a Taminal 1 kawai take. Filin yana da Taminal ta Arewa, inda wasu kamfanonin jirage suke sauka, yana kuma da ta alhazai mai rufin tantuna 210, wadda mutanenmu suke kira Madinatul Hujjaj. Duka biyun nesa suke da Taminal 1, tafiyar mota ce da sai an zagaya filin, ba ta ƙafa ba. Wanda ya sauka a ɗayansu zai nemi mota, ya loda kaya, ya sauke, ya shiga tasha, ya jira jirgi. A lokacin da zai gama wannan, wanda ya hau tasi kai tsaye ya wuce Shumaisi. Don haka kafin komai a duba tikitin jirgin sama, ko a tambayi ejan, a ji a wace taminal za a sauka. Kamfanoni suna sauya taminal, musamman lokacin Umrar Ramadan da Hajji, abin da wani ya gani bara ba hujja ba ce bana.

Sayen tikiti ba wuya. Ana yi a manhajar HHR Train ko a shafin hukumar jiragen ƙasan Saudiyya, ana kuma sayarwa a tasha, a kanta ko a na'ura. Za a nemi suna kamar yadda yake a fasfo da lambar fasfon kowane fasinja, har jariri. Kowane tikiti yana da lambar tarago da ta kujera, ba a tsayuwa, ba a "shigo mu matsa". Idan an biya, za a turo tikiti mai ɗauke da tambarin nan mai murabba'i da ake haskawa a ƙofar shiga. A ɗauki hotonsa a ajiye a waya tun daga gida, ko a buga a takarda, saboda da yawa suna isowa ba su riga sun sayi layin Saudiyya ba, su tsaya a bakin ƙofa suna neman intanet jirgi yana shirin tashi. Katin banki na naira kuma yakan ƙi wucewa, ko ya ci karo da iyakar abin da banki ya yarda a kashe a waje. Katin dala ko wani ɗan'uwa mazaunin can shi ne mafita.

Kuskuren da ya fi yawa wajen saye shi ne na suna. Jidda tana da tasha biyu a manhajar, ɗaya an rubuta mata Sulaimaniyya, ɗayar tana ɗauke da sunan filin jirgi. Mutum ya ga "Jidda" ya danna ta farko, sai ya iso ya tarar tikitinsa na wata tasha ce a tsakiyar gari. Tashar filin jirgi kuma ba a kan babban layi take ba, reshe ne na kilomita 3.75 da ya ɓalle ya shiga filin. Ba kowane jirgin da ya taso daga Makka zuwa Madina yake shiga reshen ba. Wannan kuma shi ya sa tazarar da ke tsakanin jirage a tashar filin jirgi takan fi abin da mutum ya zata idan ya ji yawan sawun da ake yi a rana.

Sai lokaci. Tikitin na jirgi ɗaya ne a sa'a ɗaya, idan ya tafi ya tafi. Canzawa tana yiwuwa kafin lokacin tashi, bisa sharuɗɗan irin tikitin da aka saya, sau da yawa da ɗan cajin kuɗi. Tambayar ita ce awa nawa za a bari tsakanin saukar jirgin sama da tashin na ƙasa. A ganinmu kada ya gaza awa biyu da rabi a lokacin da ba cunkoso, awa uku zuwa huɗu a Ramadan. Bayan an sauko daga jirgi akwai tafiya mai tsawo a cikin taminal, har da ɗan ƙaramin jirgin da ke kai fasinjan ƙasashen waje babban gini, sannan layin shige da fice inda ake ɗaukar hoton yatsu da na fuska, sannan jiran kaya. Idan jirage uku na masu Umra suka sauka a jere, layin nan kaɗai ya ishi mutum. A tashar jirgin ƙasa ma ana saka kaya a na'urar bincike, ana kuma rufe ƙofa 'yan mintoci kafin tashi. Ga kuma agogo: Saudiyya tana gaban Nijeriya da Nijar da awa biyu. Agogon hannun da ba a juya ba ya sa mutane da yawa sun zauna shan shayi jirginsu ya wuce.

Akwai masu cewa gara kada a saya sai an fito, a yanki na jirgin da ke gaba. A watannin da ba jama'a dabara ce mai kyau. A goman ƙarshe na Ramadan, ko ranakun Alhamis da Juma'a da mutanen gari suke tururuwa zuwa Makka, mai wannan dabara yana iya tarar da kujeru sun ƙare har dare. Kuma a yawancin shekara akwai sa'o'in tsakar dare da jirgi ba ya tashi. Wanda jirginsa ya sauka ƙarfe ɗaya na dare, zaɓinsa biyu ne, ya kwana a kujera har asuba ko ya fita ya nemi mota.

Yanzu mu zo inda gizo yake saƙa, wato kaya. Ƙa'idar jirgin ita ce kowane fasinja akwati ɗaya da jakar hannu ɗaya. Akwatin kada ya wuce kilo 25, girmansa kuma santimita 65 a tsaye, 55 a faɗi, 35 a kauri. A ɗauko tef a auna akwatin da aka saba tafiya da shi. Babban akwatin nan da kamfanonin jiragen sama suke karɓa a kilo 23 yawanci tsayinsa santimita 75 ne ko sama da haka idan an haɗa da tayoyi. Nauyinsa ya yi daidai, tsayinsa ya zarce. Matsakaicin akwati shi ne yake shiga. Sannan jiragen da ke tashi daga Kano da Abuja da Yamai sukan ba fasinja damar akwati biyu, mu kuwa ba ma barin dama ta tafi a banza: ga tufafi, ga garin tuwo da kuka da daddawa da yaji, ga saƙon wata Hajiya zuwa ga 'yarta a Makka, duk an ɗaure a jakar bakko an naɗe da salatif. Jirgin sama ya karɓa, na ƙasa bai san da wannan yarjejeniya ba.

Ba mugunta ce ta sa aka yi ƙa'idar ba. Taragon Talgo gajere ne, bai fi mita 13 da 'yan kai ba, wurin ajiye manyan akwatuna kuma ɗan kanta ne a bakin ƙofa, sai kantar sama da ke ɗaukar ƙananan jakunkuna. An ɗauko jirgin da aka ƙera don ɗan kasuwar da zai je wani gari ya dawo da yamma, aka kawo shi hanyar da mafi yawan masu binta baƙi ne da suka zo zaman mako biyu ko wata guda. An gyara shi ya jure yashi da zafin da ke kai digiri 50, an ƙarfafa na'urorin sanyaya shi, an toshe kafofin da ƙura za ta shiga, amma ba a ƙara masa wurin kaya daidai da irin fasinjansa ba. Wannan a wurinmu shi ne babban aibin hidimar, kuma shi yake mayar da dubban mutane kan titin da aka gina jirgin don a rage wa nauyi. Tsananin aiwatar da dokar yakan bambanta, wata rana a auna, wata rana a kau da kai, amma ba abin da za a gina tafiya a kansa ba ne. Idan aka tare mutum a ƙofa da akwati uku saura minti goma, ba shi da ta cewa.

Dabarar da ta fi aiki ga masu tafiya a rukuni ita ce a raba mutane da kaya. Ejan ya tanadi mota ɗaya ta kwashi manyan akwatuna da mutum ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bi ta, tsofaffi da mata da yara su hau jirgi da jakar hannu. Kowa ya riƙe fasfonsa, da maganinsa, da kayan sawa na kwana ɗaya, ko da motar za ta makara.

Cikin jirgin kuwa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Daɓen tarago daidai yake da dakalin tasha, ba a hawa matakala, abin da mai keken guragu da mai ciwon gwiwa za su fi kowa yabawa. A ɓangaren gama-gari kujeru bibbiyu ne hagu da dama, a na manya biyu da ɗaya, da faɗi da wurin miƙe ƙafa, ana kuma kawo abin taɓawa. Akwai wurin cajin waya, amma a zo da kan caja mai ƙafa uku irin na gida Nijeriya. Mutanen Nijar masu caja mai ƙafa biyu zagayayyu su nemi mahaɗi. Akwai tarago guda na sayar da shayi da gahawa da ɗan abinci, farashinsa na tasha ne, ba na kasuwa ba. Sanyin na'ura yana da ƙarfi, wanda ke cikin harami da kafaɗa a buɗe zai ji a jikinsa, ya lulluɓa da mayafin haraminsa tun da wuri. Banɗaki yana da tsabta amma matsattse ne, ba wurin alwala ba ne, balle a ce mutum zai canza kaya a ciki. A yi alwala da salla a tasha, kowacce tana da masallaci. Ga tafiyar Makka da ba ta kai awa ɗaya ba, kuɗin kujerar manya asara ce. Ga ta Madina, wanda ya kwana a jirgin sama yana da hujjar sayenta.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: cikin masu tuƙa jiragen nan akwai mata 'yan Saudiyya. Da aka yi tallar gurabe 30 a 2022, mata kusan 28,000 ne suka nema.

Maganar harami tana bukatar a tsaya a kanta, domin jirgin ƙasa ya sauya yadda aka saba. Daga filin jirgin Jidda zuwa Makka layin ba ya ratsa wani miƙati. Wanda ya taso daga gida da niyyar Umra kai tsaye, ya tambayi malaminsa tun kafin tafiya game da inda zai ɗaura niyya, domin mafi yawan malamai suna cewa a sama ake yi idan jirgi ya zo saitin miƙati, kada ya bari sai ya zauna a tarago ya fara tambayar na kusa da shi. Daga Madina zuwa Makka kuwa miƙatin shi ne Zul-Hulaifa, wanda aka fi sani da Abyar Ali, a bakin garin. Motar safa tana tsayawa a masallacin, a yi wanka, a yi nafila, a ɗaura niyya a natse. Jirgin ƙasa ba ya tsayawa. Saboda haka wanka da ɗaura harami a masauki ake yinsu kafin a fito. Wasu sukan ɗauki tasi su fara zuwa masallacin miƙatin su yi niyya, sannan su wuce tasha, sai dai su ƙara awa guda a lissafinsu saboda tashar tana gabashin gari, miƙatin yana kudu maso yamma. Wasu kuma a cikin jirgi suke yi, 'yan mintoci bayan ya tashi. Mai yin haka ya kasance a shirye tun jirgi bai motsa ba. Ko an yi sanarwa da Larabci da Turanci ne, cikin hayaniyar masu neman kujera, kuma abin hawan da ke iya cin kilomita biyar a minti ɗaya ba ya jiran mai neman littafin addu'a a jaka. Shugaban rukuni ya bi mutanensa tarago-tarago ya tuna musu.

Daga filin jirgi zuwa Makka tafiyar ba ta cika awa ɗaya ba, har da tsayawa a Sulaimaniyya. Mota tana yin awa ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi idan hanya a buɗe take. A takarda jirgi ya yi nasara. Amma tashar Makka a unguwar Rusaifa take, kilomita uku zuwa huɗu daga Masallacin Harami, masaukan mutanenmu kuma yawanci suna Misfala, ko titin Ibrahim Khalil, ko Kudai, ko Jarwal, wasu har Aziziyya. Dole a sake hawa wani abu. Akwai motocin safa na Makkah Bus da ke zuwa kusa da Harami a kan Riyal 4, masu kyau ga mai jakar goyo, masu wahala ga mai akwati da tsohuwa. Akwai tasi, akwai motocin Uber da Careem da ake kira ta manhajar waya. Matsalar ita ce mutum ɗari huɗu ko ɗari takwas suna fitowa a lokaci guda, duk mota suke nema, farashi ya tashi, a yi ta ciniki a bakin ƙofa. Idan kuma an yi rashin sa'a lokacin salla ya gabato, jami'an tsaro suna rufe titunan da ke kewaye da Harami, direba ya sauke mutum inda aka tare shi, sauran a ƙarasa da ƙafa ana jan akwati cikin masu sauri zuwa sahu. Wannan rufe hanya yana samun wanda ya zo da tasi daga Jidda ma, sai dai shi sau ɗaya ya loda kaya.

A haɗa duka: jiran jirgi minti 40 ko awa ɗaya, tafiya kusan awa ɗaya, fita da neman mota da isa masauki wani minti 30 zuwa 45. An haura awa biyu. Sauri ya haifi nawa.

Ta wajen kuɗi ma haka ne. Jirgi kan mutum yake caji, tasi kan mota. Lokacin da aka buɗe layin a 2018, daga Makka zuwa Madina Riyal 150 ne a gama-gari, 250 a kujerar manya. Yanzu an ɗora harajin kashi 15 cikin ɗari, farashi kuma yana hawa da sauka gwargwadon rana da sa'a da yadda kujeru suka rage, don haka a duba manhaja, a kuma tuna Riyal 3.75 ne dala ɗaya idan ana juyawa zuwa naira ko sefa. Mutum ɗaya ko miji da mata, jirgi ya fi musu araha zuwa Makka. Mutum huɗu, idan aka tara tikiti huɗu da kuɗin motar Rusaifa, sau da yawa ya kamo kuɗin tasi ɗaya da za ta kai su ƙofar otal, ko ya wuce. Wanda ya zaɓi mota ya hau tasi mai rajista daga layinta ko ya kira ta manhaja. Masu raɗa "Makka, Makka" 'yan kabu-kabu ne, hukuma tana kama su tana cin su tara, kuma idan aka tare motar a hanya fasinja ne zai tsaya a gefen titi da kayansa. Duk wanda za a hau motarsa a gama magana kafin a saka akwati a but: nawa ne, na mota ne ko na kowane mutum, kuma har ƙofar wane otal.

Hanyar Madina ce take nuna abin da aka gina jirgin dominsa. Daga filin jirgi awa biyu ba ta cika ba, daga Makka kusan awa biyu da minti ashirin. Motar safa tana cin awa biyar zuwa shida, wani lokaci fiye, da tsaye-tsaye a gidajen mai, a kan doguwar hanyar Hijira da direba ke fama da gyangyaɗi. Bayan an wuce Jidda ne allon da ke saman ƙofa yake fara nuna 290, 300, kofin shayi a kan teburi ko motsi ba ya yi, duwatsu baƙaƙe suna wucewa ta taga. Mai ciwon suga, mai ciwon baya, mai yawan zagayawa, mai goyo, duk wanda zaman awa shida yake gallaba, a nan kuɗinsa ya yi masa aiki. Tashar Madina ita ma ba a bakin masallaci take ba, kusan kilomita goma ne, amma hanyar miƙaƙƙiya ce, akwai motocin safa da tasi, kuma ko an ɓata rabin awa a nan ribar awa uku tana aljihu.

Mutanen garin Jidda su ne ba su ci moriyar tashar sosai ba. Jirgin yana tsayawa wuri ɗaya tak a cikin gari, birnin kuma har yanzu ba shi da jirgin ƙasa na cikin gari da zai tattaro mutane daga unguwanni. Ma'aikacin filin jirgi da mai rakiya da mai tarbar baƙo duk da mota suke zuwa, shi ya sa titin Madina da na Yarima Majid ba su daina cushewa da yamma ba. Wanda ya san jirgin ƙasan Abuja da ke zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe, wanda shi ma a 2018 aka buɗe, ya tsaya a 2020, ya dawo a Mayun 2024, ya san irin wannan: tasha a bakin taminal ba ta raba mutum da mota idan ɗaya bakin layin bai kai kusa da gidansa ba.

Alhazan da suka zo ta hannun hukuma kada su sa rai za su fito su yanki tikiti da kansu. Jigilarsu a tsare take rukuni-rukuni, yawanci a motocin safa da aka riga aka biya cikin kuɗin kujera, kuma idan lokacin Hajji ya kama ba a barin kowa ya shiga Makka, ta jirgi ko ta mota, sai mai izinin Hajji. Kada kuma a rikita wannan jirgi da na Masha'ir, mai kilomita 18 tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, wanda ya fara aiki a 2010 kuma kwanakin Hajji kawai yake yi. Layi biyu ne daban, ba su haɗu ba.

A komowa gida jirgin ya fi rashin dacewa da mu, don kayan da aka zo da su sun haihu: dabino, jallabiyoyi, dardumar salla, turare, tsarabar dangi da maƙwabta. Wanda ya aika nauyinsa ta kamfanonin kago tun kwana biyu ko uku kafin tashi, ya rage akwati ɗaya matsakaici, shi zai ji daɗinsa, domin ya tsira daga fargabar gosulon hanyar Jidda, ya kuma san minti nawa zai yi. Ya zaɓi jirgin da zai isa da shi filin awa huɗu kafin tashin na sama, ba na ƙarshe da zai iya kai shi ba, wanda ya riga shi tashi, don idan ya kuɓuce akwai wani a baya. Ya sake duba taminal ɗin tashi, ba lallai ta zama wadda ya sauka ba. Ruwan Zamzam kuma ba sai ya ɗauko daga Makka ya sha fama da shi a ƙofar tasha ba. Ana sayar da galan mai lita biyar da aka naɗe don jirgin sama a filin jirgin Jidda, ɗaya ga kowane mai Umra, idan kamfanin jirginsa yana karɓa.